Dubiya, Tawakkali da Haƙƙin Ƙaramin Yaro

Idan kaka ta wuce a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka tsince auduga, aka zuba masara da dawa a rumbu, hunturu ya kaɗa ƙurarsa, bazara kuma ta biyo baya da zafinta, to a sa'an nan ne ɗakunan yara na asibiti kan cika, domin ƙyanda da sanƙarau sun fi son wannan lokaci. A sa'an nan ne kuma wata tsohuwar gardama kan tashi a bakin ƙofa, tsakanin nas da dattijuwar da ta ratso hanya daga ƙauye, goye da jikanta, don ta yi dubiya. Nas ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba a shiga da goyo." Dattijuwa ta ce, "'Yar nan, ai cuta ta Allah ce, wanda bai rubuta wa ba, ba zai ɗauka ba."

Bai kamata a yi wa maganar dattijuwar dariya ba, gama tana da asali a cikin ilimi. Dubiya sunna ce, kuma haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa. Sannan a cikin Buhari da Muslim akwai hadisin da zahirinsa ke kore yaɗuwar cuta daga wani zuwa wani. Amma a cikin littattafan nan dai aka ruwaito hani ga mai raƙuma marasa lafiya da kada ya gwama su da masu lafiya, da hani ga shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya kawo yadda jumhurin malamai suka haɗa nassosin: abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya cewa cuta na tsallakawa da ikon kanta, abin da aka tabbatar kuwa shi ne cewa Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Duk almajirin da ya karanta tauhidin Shehu Sanusi a zaure ya san wannan da sunan hukuncin al'ada, watau wuta ba ta ƙonawa da zatinta, amma Allah Ya gudanar da al'ada cewa a gamuwa da ita ake ƙonewa, kuma ban taɓa ganin malamin da ya sa hannunsa cikin murhu don ya gwada ƙarfin imaninsa ba.

Haka Sayyidina Umar ya fahimta a zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham. Da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce kamar yadda shigar take, bayan nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya ƙarfafa ra'ayinsa.

Al'ada kuwa da lura da ƙidaya ake saninta. Wannan ƙasa tamu ta ba da nata rabo, domin a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na Ingila sun yi shekaru suna bin ƙauyukan Malumfashi, suna rubuta haihuwa da mutuwa, suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Ta irin wannan lura aka san cewa ƙwayar ƙyanda kan zauna cikin iskar ɗaki har sa'a 2 bayan mai ita ya fita, tana kama kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su da kariya, kuma yaro na yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso, tun ana ɗaukar abin mura ne. A bayanta kuma, musamman ga mai tamowa, ciwon huhu da gudawa da makanta kan biyo. Wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, da keɓe mai ƙyanda, da allurar rigakafi a wata 9, duk riƙo ne da sababi.

Amma inda mas'alar ta fi nauyi a wurina shi ne tambayar a kan jikin wa ake tawakkalin. Malamai sun yi saɓani a kan baligi mai hankali, ko ya halatta ya bar magani ya yi haƙuri da ciwonsa, kuma wasu salihai sun bari. Wannan sarari ne da aka ba mutum a kan ransa shi kaɗai. Jariri amana ne a hannun waliyyinsa, ba ya da bakin zaɓi, shari'a kuwa ta ɗaure tasarrufin waliyyi da maslahar wanda yake ƙarƙashinsa, har ta hana shi taɓa dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau. To in dukiya ke nan, ina ga numfashi? Maigidan da ya hana matarsa kai yaro asibiti har ya galabaita, alhali yana da kuɗin taki da na maganin feshi, bai kuma bar gonarsa ga ƙaddara ba, ya zalunci iyalinsa ko da bai taɓa ɗaga musu hannu ba, kuma nas ɗin da ta karɓi yaron tana ganin alamar wannan sakaci kamar yadda take ganin shatin bulala.

Adalci ne a faɗi cewa ɗari-ɗarin da mutane ke yi da asibiti da rigakafi yana da dalili. A 1996, shekarar da sanƙarau ya hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, kuma zargin da ya biyo baya na cikin abin da ya ciyar da ƙin allurar shan inna a 2003. Sai dai cin amanar wani kamfani hujja ce ta tsananta bincike, ba ta ɗauke wa uba wajibinsa.

Saboda haka ina ganin ɗalibar da ke koyon aiki a makarantar ungozoma ta Malumfashi, da takwararta da ke asibitin Funtuwa, suna bukatar sanin wannan babi na fiƙihu tare da sanin allura, domin wanda ya zo da hujjar addini ba ya komawa gida da tsawa. A gaya masa da ladabi cewa addu'a na isa ga majinyaci daga bakin taga, a bar goyo a gida wurin kishiya ko maƙwabciya, a wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita, sannan a tambayi katin rigakafin sauran yaran gidan kafin ya kama hanyar ƙauye.