Taimakon Ƙasashen Waje Ga Makarantunmu: Ina Iyakarsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, shin ya halatta mu miƙa karatun ƴaƴanmu ga duk wanda ya zo mana da taimako?

Taimakon juna a fagen ilimi ba baƙon abu ba ne a Nijar. A 1957 aka buɗe madarasar Say, inda ake koyar da Larabci da Faransanci tare. A 1974, a taron Lahor, ƙasashen Musulmi suka yanke shawarar gina Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986. Azhar ta Masar ta turo mana malamai, ta kuma karɓi ɗalibanmu. Mun gode, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai magabata sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya gina aji ya kawo littattafai, sau da yawa yana da abin da yake so a cusa a zukatan yara, ko daga gabas ya fito ko daga yamma.

Saboda haka wajibi ne iyaye mu shiga ƙungiyoyin iyayen ɗalibai, mu duba littattafan, mu tambayi sharuɗɗan kowace yarjejeniya. Mu karɓi gini da ilimi mai amfani da godiya, amma tarbiyya amana ce a wuyanmu, mu za a tambaya ranar gobe.

Allah Ya shiryar mana da zuriya, amin.