Golf Ma Sana'a Ce, Ya Ku 'Yan Garwa

Wa ya ce golf ba naka ba ne? Kai ɗan Garwa, kai ɗan Marwa, ke 'yar Ngaundere, da ku nake. Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki: wasan masu kuɗi ne, na manyan ma'aikata da attajirai, mu da ke fama da kuɗin cefane ina ruwanmu? To, ku tsaya mu yi lissafi. Gaskiya ne masu hali ne suka fi buga shi. Amma wa ke ɗaukar musu jaka? Wa ke gyara musu fili? Wa ke tsayawa a gefen attajiri ya ce masa, "Ranka ya daɗe, sassauta riƙon nan, ka bar ɗaga kai"? Sau da yawa ɗan talaka ne, wanda ya iya abin da mai kuɗin bai iya ba. Ɗaya ya zo kashe kuɗi, ɗaya ya zo karɓa. Kai da ke neman na kanka, a wane ɓangare kake so a same ka?

Tarihin wasan nan cike yake da yaran da suka shigo ta ƙofar baya, da jakar wani a kafaɗa. Vincent Tshabalala na Afirka ta Kudu da ɗaukar jaka ya fara, a zamanin wariyar launin fata, lokacin da baƙar fata ba ya da damar shiga gasa mafi yawa a ƙasarsa. Ya tsallaka Turai, ya cinye babbar gasar Faransa a 1976. Siddikur Rahman na Bangaladash tsintar ƙwallo yake yi a filin Kurmitola da ke Daka, amma da golf ya dawo cikin wasannin Olamfik a 2016, bayan rabuwa da shi tun 1904, shi ne ya riƙe tutar ƙasarsa a birnin Riyo. Ba a haife su da sanda a hannu ba. Sun kalla, sun kwaikwaya, sun nace.

Ko ba mu je nesa ba, ga namu nan na gida. Issa Nlareb ɗan Kamaru ne, ya tashi a gefen filin golf na Yawunde yana tsintar ƙwallaye, ya koma ɗaukar jaka, ya zama ƙwararren da ke wakiltar ƙasar nan a waje. A 2018, yana Masar wajen gasa, sanƙarau ya kama shi. Mu mutanen arewa ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba. Ya tashi daga jinya babu ƙafafu biyu, babu mafi yawan yatsun hannu. Da wani ne, shi ke nan an rufe littafi. Shi kuwa ya sa ƙafafun roba, ya nemi dabarar ɗaure sanda a hannunsa, ya koma fili, har aka gan shi a Amurka a 2024 yana fafatawa a babbar gasar masu buƙata ta musamman. Kai mai ƙafa biyu da yatsu goma, mene ne uzurinka?

Sai dai ba kofi nake kiranka ka nema ba. Kofi mutum ɗaya ke ɗauka a gasa, sauran su koma gida da gajiya. Abincin da ke ɗorewa a wasan nan yana hannun mai koyarwa, domin mai buga golf, daga sabon shiga har zakaran duniya, yakan buƙaci wanda zai duba masa bugu. Dubi Harvey Penick na Amurka. Yana ɗan shekara 8 ya fara ɗaukar jaka a kulob ɗin birnin Ostin, ya zama babban malamin wurin a 1923, ya kuma horar da 'yan wasan Jami'ar Tekzas fiye da shekara 30. Bai yi suna da cin gasa ba, amma daga hannunsa manyan 'yan wasa irin su Tom Kite da Ben Crenshaw suka fito. Ɗan littafin da ya tara darussansa a ciki ya fito a 1992, yana tsoho tukuf, ya shiga sahun littattafan wasanni da aka fi saya. Da ya rasu a 1995, Crenshaw na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma a wannan makon ya je ya cinye babbar gasar Masters. Ɗan wasa yana da shekarun tashe, gwiwa ta gaji ya sauka. Malami kuwa, furfura ƙara masa daraja take yi.

Yanzu sai ka ce mini, ai filayen da aka sani duk a kudu suke: na Yawunde a gindin dutsen Febe, na Likomba a Tiko, can inda ruwan sama ba ya rowa. Mu nan ina ciyawa? Ina ruwan ban ruwa, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu? Tambaya ce mai kyau, kuma maƙwabtanmu sun daɗe da amsa ta. A arewacin Najeriya ana buga golf tun zamanin Turawa, a Kano da Kaduna da Zariya, kuma filin Rayfield na Jos tun 1913 yake. Inda ciyawa ta gagara, sai aka riƙa daddaɓe kewayen rami da yashi da aka cuɗa da mai, a share shi sumul, ƙwallo ta gangara lafiya lau. A Wagadugu ta Burkina Faso, a kan jar ƙasa ake wasan, kowa na tafe da ɗan guntun tabarmar ciyawar roba, ya aza ƙwallo a kai ya buga. Seve Ballesteros na Sifaniya, wanda ya ci manyan gasanni biyar, a rairayin bakin teku na ƙauyensu ya koyi bugu, da sanda ɗaya tak. Rairayi kuwa, in rani ya yi kogin Binuwai ya janye, wa ya fi Garwa? Sai dai a riƙa waiwaye saboda dorina, ita ba ta san dokar wasa ba.

Amma kafin ka ce kai malami ne, je ka zama ɗalibi. Nan ne ake tankaɗe da rairaya. Ka hau mota zuwa Ngaundere, ka shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ko ka tsallaka iyaka ta Yola ka nufi Jos ko Kano. Ka nemi aikin ɗaukar jaka, kada ka ji kunya. Rami 18 ne, tafiyar kusan awa huɗu, jaka a kafaɗa mai ɗauke da sanduna har 14, domin doka ba ta yarda a wuce haka ba. Wahala ce, babu ɓoye-ɓoye. Amma wace makaranta ce za ta biya ka kuɗi kana karatu? A nan za ka ga kurakurai iri-iri a jikin mutane iri-iri: mai gaggawa, mai tsoro, mai ƙarfin banza, mai fushi da sanda. A nan za ka koyi auna nisa da ido, da karanta gangaren ƙasa, da sanin yadda iskar hunturu ke karkatar da ƙwallo. Ka haddace dokoki, waɗanda hukumar R&A ta Sikotilan da takwararta ta Amurka ke tsarawa, ana kuma samun su kyauta a waya da Faransanci da Turanci. Ka san cewa minti uku kacal ake ba mai neman ƙwallon da ta ɓata, ka san faɗin rami milimita 108 ne. Ka kusanci ƙwararrun kulob, ka yi musu ladabi, ka tambayi hukumar golf ta ƙasa hanyar samun takardar shaida. In kuwa kai malamin motsa jiki ne, wanda ya fito daga cibiyar CENAJES ta nan Garwa ko makarantar INJS ta Yawunde, ai ka riga ka ci rabin tafiya, tunda ka san yadda ake tsayar da yara a layi, ka san yadda jiki ke koyo. Saura sandar kawai. Tashi ka neme ta!

To, ka dawo gida da ilimi. Ta ina za ka fara? Da bita. Darasin mutum ɗaya yana da tsada, kuma wanda bai taɓa riƙe sanda ba yana jin nauyin zuwa shi kaɗai a yi masa dariya. Amma in ka tara mutum shida ko takwas, kuɗin ya sauƙaƙa a kan kowa, kunya ta gudu, kowa na dariyar ɗan'uwansa, kai kuma abin da ka samu a awa biyu ya ninka. Kayan aikin ba sa buƙatar jarin Alhaji. Tsofaffin sanduna kaɗan daga hannun 'yan kulob da suka sauya nasu. Raga daga masuntan Lagdo, mai walda ya haɗa maka ƙarafan da za a rataya ta. Guntayen tabarmar roba, bokitin ƙwallaye, da ƙwallayen roba marasa nauyi domin yara. Filin makaranta ranar hutu, ko harabar otal, ko wani fegi a bayan gari da izinin mai unguwa. Lokaci kuma rana ce ke yanke shi: daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ka ajiye ruwan sha a inuwa, ka tsayar da komai in an kira salla.

Darasin farko shi ne tsaro. Ƙwallon golf ba ta kai giram 46 ba, amma tauri gare ta kamar dutse, kuma kan sanda ƙarfe ne. Ka ja layi a ƙasa, ka kafa doka: babu mai tsayawa gaban mai bugu ko dab da bayansa, babu mai zuwa ɗibar ƙwallo sai ka ba da umarni. Bayan haka, kada ka biye wa zumuɗinsu. Kowa zai so ya fara da doguwar sanda ya aika ƙwallo har garin Pitowa. A'a. Ka fara da su a bakin rami, taku ɗaya, su ji daɗin ganin ƙwallo ta faɗa ciki. Sannan taku uku, sannan goma, sannan ɗan tsallake, a riƙa ja da baya sannu a hankali har a kai ga cikakken bugu. Ka gyara riƙo, ka gyara tsayuwa, ka gyara saiti, domin yawancin ɓarnar tana faruwa ne tun kafin sanda ta motsa. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya. Malamin da ya jera wa ɗalibi kurakurai bakwai a numfashi guda, iyawarsa yake nunawa, ɗalibin kuwa ya tafi a ruɗe. Ka ɗauki bugunsa a waya, ka rage gudun hoton, ya ga kansa da idonsa, gardama ta ƙare. Ka yi magana da harshen da ya fi ji, Fillanci ne, Hausa ce, Faransanci ne, kuma a nan ɗan arewa ya fi kowa, tunda da baki biyu ko uku ya tashi. Ka rufe zaman da 'yar gasa, ko da lemo ne kyautar. Su tafi suna musu, su dawo mako mai zuwa da abokai!

Su wa za su biya? Buɗe ido ka duba garinka. Hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa take. Ga bankuna, ga likitoci, ga hafsoshi, ga malaman Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ga makarantu masu zaman kansu da ke neman abin da za su nuna wa iyaye. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan gobe za a mayar da su Yawunde ko Duwala, inda ake ƙulla hulɗa a filin wasa, kuma babu babban da ke son ya fara koyo a gaban tsaransa. Ka je musu da takarda a rubuce: zama nawa, kuɗi nawa, me za a iya a ƙarshe. Ka faɗi farashinka ba tare da sunkuyar da kai ba, ka karɓi rabi tun farko, ka rubuta komai a littafi. Ka zo kafin lokaci, da tsabta, da fara'a, ka riƙe sirrin wanda ya sha ƙasa a gabanka. Ni dai a ganina, rashin cika alkawari ya fi rashin jari kashe ƙananan sana'o'i a ƙasar nan. Kuma kada ka saki sana'arka ta yanzu da wuri. In acaba kake yi, ci gaba. In shago ne, buɗe shi. In aji ne, shiga. Kasuwar golf a arewa ƙarama ce tukuna, za a yi makonnin da mutum biyu ne za su zo. Ka koyar da su biyun nan kamar su ashirin ne.

Ke ma 'yar'uwa, kada ki ce maganar maza ce. Akwai mata ma'aikata da matan gida da ke son motsa jiki, waɗanda ba za su taɓa yarda namiji ya gyara musu tsayuwa ba. Wasa ne da ba gudu, ba karo, ana yin sa cikin sutura, kuma mai shekara 60 na iya yi. Wannan kasuwa taki ce ke kaɗai, babu namijin da zai ƙwace miki.

Masu dariya za su yi dariya. An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ta Garwa a 1986, lokacin da ƙwallon ƙafar Kamaru ke hannun ƙungiyoyin Yawunde da Duwala. Wa ya ɗauka arewa za ta yi magana? Sai ga ta ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa fiye da sau 15, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly, ta yaye Vincent Aboubakar, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017. A farkon 2022 kuma ƙasashen nahiya suka zo suka buga a filin Rumde Ajiya, a gaban idonmu. Duk wannan a kan kafaɗun masu horarwa aka gina shi, mutanen da suka sha rana da usur a baki a filayen unguwa, yawancinsu ba wanda ya san sunansu a wajen gari. Golf a arewa tana jiran irin waɗannan mutane, kuma layin bai yi tsawo ba tukuna. Wanda ya fara yau shi za a kira in makaranta na neman malami, shi za a tuntuɓa in wani attajiri ya tashi yin fili, shi yara za su ce a hannunsa suka koya. Tambayi kuɗin mota zuwa Ngaundere, fara tara na jirgi, nemi lambar wani ƙwararre a Yawunde ka gaishe shi. A makon nan, ba bayan damina ba!