Kallon "Gidan Badamasi" da Haƙƙin 'Ya'yan da ke Ƙetaren Iyaka

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Lolo, ƙaramar hukumar Bagudo. Ina da iyali a nan, ina kuma da 'ya'ya a Malanbil ta ƙasar Benin wajen uwarsu da muka rabu. Yaran gidana sun nace wa shirin Gidan Badamasi, dare na yi sai su kewaye waya suna ƙyalƙyala dariya. Uwargida ta ce a ƙyale su, akwai darasi a ciki. Shin kallon ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, raha a kan kanta ba laifi ba ce. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yi wa sahabbai barkwanci, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Inda malamai suka saɓa shi ne wasan kwaikwayo. Shaihu Bakar Abu Zaid ya hana shi, yana ganin ƙarya ce, ga kuma hadisin Abu Dawud da ya yi narko ga mai ƙarya don mutane su yi dariya. Shaihu Ibn Usaimin ya halatta shi da sharuɗɗa, kuma nan na karkata. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, alhali ko yaro ya san Alhaji Badamasi na cikin shirin ɗan wasa ne. Labarin kuturu da mai ƙora da makaho a Buhari da Muslim ma ya nuna mala'ika ya zo musu a siffar mabaraci don jarrabawa.

Saboda haka kallon ya halatta muddin babu tsiraici da batsa, babu izgili ga addini, kuma bai ci lokacin salla ko karatun allo ba.

Maganar uwargida kuwa rabinta gaskiya ce. Shirin, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni kuma Arewa24 ta fara nunawa a 2019, labarin attajirin dattijo ne mai auri-saki da ya tara 'ya'ya uwa daban-daban, kowa ido a kan dukiyarsa. Babba zai gane illar da ake nunawa. Yaro kuwa ba ya jiran ƙarshen labari. Abin da aka yi wa dariya shi yake haddacewa, gobe ka ji shi yana laƙaba wa ƙaninsa suna ko yana mayar wa kakansa magana. Aya ta 11 a Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi, ta 23 a Isra'i ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye. Kada ka bar su da wayar su kaɗai. Zauna da su, in an zo wurin rashin kunya ka ce wannan rashin kunya ce.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma ya fito cikin maganarka, kuma ya fi kallon nauyi. Iyakar da ta raba Lolo da ƙasar Benin, Ingila da Faransa ne suka shata ta tun yarjejeniyar 1898, ba ta kuwa sauke wa uba komai ba. A mazhabar Malikiyya ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ko da suna hannun uwarsu. Rufe iyaka irin na Agustan 2019 kan hana shinkafa wucewa, amma ba ya yafe wannan bashin. Da naira ko da sefa, a nemi hanyar da zai isa.

Gado ma haka. Kisa da bambancin addini suna hana gado, bambancin ƙasa da takardar haihuwa ta Faransanci ba sa hanawa. Ɗanka na Malanbil da na Lolo rabonsu ɗaya a ayar Nisa'i ta 11. In kuwa kana tunanin mallaka wa na kusa gida da gonar fadama tun kana raye, tuna Bashir, mahaifin Nu'uman, wanda ya keɓe ɗa guda da kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta karhanta ba wa wasu 'ya'ya dukiya duka, ta sassauta a ɗan wani abu daga ciki. Wasiyya ga magaji kuwa ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda.

Ka rubuta sunayen 'ya'yanka duka da na iyayensu mata, ka sa adalai biyu su shaida, ka ajiye kwafi wajen limaminku da wani a can. Ka kuma riƙa kawo na Benin su yi salla a Lolo, su san 'yan'uwansu tun kana da rai.

Allah ne mafi sani.