Baƙon da Ya Biya Kuɗi: Shin Ladabin Baƙunci Ya Faɗi Daga Kansa?

  

Ya ku ƴan uwa, babu wanda bai san haƙƙin baƙo ba a cikinmu. Tun muna yara muke ganin ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi sunansa. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne haƙƙin da ke wuyan baƙon kansa. Zamani kuwa ya kawo wani irin baƙo wanda kakanninmu ba su sani ba, watau ɗan yawon buɗe ido. Shi ba fatauci ya fita ba, ba neman karatu ba, ba ziyarar dangi ba. Ya fita ne don ya ga ƙasa da mutanenta, kuma ya biya kuɗin masauki da abinci da ɗan jagora tun kafin ya bar gida. To, tambayarmu ita ce: wanda ya biya, shin har yanzu baƙo ne da ladabi ya hau kansa, ko kuwa ya zama mai saye, wanda ke da iko da abin da ya saya?

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali daga wata ƙasa mai nisa da mu, inda wannan tambaya ta fito fili. A can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin Kashmir da Tibet, a cikin duwatsun Himalaya, akwai yankin da ake kira Ladak. Babban garinsa, Le, yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 3,500, alhali dutse mafi tsawo a Nijar, a tsaunukan Bagzan, bai wuce mita 2,000 da ƴan kai ba. Ƙasa ce busasshiya, ruwan saman da take samu a shekara kimanin milimita 100 ne, kusan irin na Agadas. Rayuwar mutanenta ta rataya ga ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu, wadda suke jawowa ta magudanai zuwa gonakin sha'ir. Mazauna kwarurukan da ke nesa da gari, irin su Marka da Zanskar, mafi yawansu mabiya addinin Buda ne.

Sai a 1974 gwamnatin Indiya ta buɗe wannan yanki ga baƙi na ƙasashen waje, kuma waɗanda suka zo a wannan shekara kimanin 500 ne kawai. A 2022 masu ziyara sun haura 500,000, alhali a ƙidayar 2011 mutanen Ladak baki ɗaya ba su kai 300,000 ba. Daga cikin baƙin akwai masu barin mota su taka da ƙafa. Hanyar kwarin Marka, alal misali, tafiyar kimanin mako guda ce. Matafiyi yana bin gaɓar kogi, ya ratsa ruwa mai sanyi da ƙafarsa, ya wuce ƙauyukan Skiu da Marka da Hankar, ya hau makiyayar Nimaling, sannan ya ƙetare mashigin Kongmaru La wanda ya haura mita 5,000, inda iska take da ƙaranci har mai ƙarfi yakan tsaya yana haki bayan kowane taki kaɗan. A hanya yana ganin gidajen ibada da aka gina a goshin dutse, da dogayen katangu na duwatsu masu rubutu, da tutocin ƙyalle masu launi biyar suna kaɗawa. Da dare ya sauka a gidan manomi, a ba shi shayi mai man shanu da gishiri, da garin sha'ir soyayye.

Ba za mu musa cewa irin wannan tafiya tana da alheri ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a yi lura. Tafiya da ƙafa kuwa tana da wata tarbiyya da mota ba ta da ita. Mai dukiya da talaka duk numfashi ɗaya suke nema a kan dutse. Wanda ya saba ba da umurni a ofis sai ya iske kansa yana bin bayan mai doki wanda bai shiga makaranta ba, yana jiran ya nuna masa inda zai sa ƙafa a cikin kogi. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutum girman kai.

Amma mai saye yana da tasa hujjar, kuma ya kamata mu saurare ta da adalci. Zai ce: ciniki ne aka yi bisa yardar juna, na ba da kuɗi, an ba ni hidima, ba wanda ya yi mini alfarma, don haka ba wanda yake bi na bashin godiya. Rabin wannan magana gaskiya ce. Kuɗinsa sun sayi shimfiɗa da tuwo da ƙarfin doki da sanin ɗan jagora, kuma yana da haƙƙi a cika masa su. Sai dai mu tambaye shi: me ya fito da kai daga ƙasarka? Shimfiɗa ce, ko tuwo? Kana da waɗanda suka fi su a gida. Abin da ya jawo ka shi ne rayuwar mutane: fuskar tsohuwa tana kaɗi a bakin ƙofa, da manoma suna waƙa a masussuka, da masu ibada a cikin ibadarsu. Waɗannan kuwa ba a rubuta su a takardar ciniki ba, kuma ba wanda ya mallake su balle ya sayar. Ke nan mafi tsadar abin da ɗan yawo yake samu kyauta yake samunsa. Wanda kuwa aka ba kyauta a gidan mutane, baƙo ne, ko nawa ya biya a bakin ƙofa.

Idan mun yarda da haka, to, haƙƙi na farko a kansa shi ne kada ya zame wa mai gida nauyi. Ku dubi al'amarin ruwa. Mutanen Ladak sun daɗe da sanin darajarsa, har a ƙauyuka akan zaɓi mutum guda, mai laƙabin curpon, wanda aikinsa raba ruwan magudana tsakanin gonaki bi da bi. Makewayinsu na gargajiya ba ya cin ruwa ko kaɗan: ƙasa ake zubawa, daga baya a kwashe a kai gona ta zama taki. Da baƙi suka yawaita, sai aka cika Le da otel-otel masu makewayin zamani da wurin wanka, aka haƙa rijiyoyi masu zurfi don shayar da su. Baƙon da ya buɗe fanfo ya bar shi yana zuba zai ce ya biya. To, wa ya biya? Ya biya mai otel, amma ruwan na gari ne duka, har da manomin da bai ga ko sisin kwabo ba. Mu da muka san layin mata a bakin rijiya a watan bazara, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Haƙƙi na biyu shi ne kiyaye alfarmar abin da mutane suke girmamawa. A gidan ibada na Hemis ana yin wani biki kowace shekara a wajen watan Yuni ko Yuli, inda masu ibada suke sa fuskokin roƙo suna wata irin rawa. A wurin mutanen ƙasar wannan addini ne, amma a wurin baƙi da yawa kallo ne, har sukan tare gaba da na'urorin ɗaukar hoto, mai gida ya koma leƙe ta bayan kafaɗarsu. Wasu gidajen ibada ma sun matso da bukukuwansu daga hunturu zuwa lokacin zuwan baƙi. Mu musulmi ba mu yi imani da abin da suke bautawa ba, kuma ba ya halatta ga musulmi ya rusuna wa gunki ko ya shiga cikin ibadar da ba tasa ba don neman yardar mai masauki. Karin maganar da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi taka, tana da iyaka, iyakarta kuwa aƙida. Amma addinin da ya hana mu rusunawa shi ne ya hana mu izgili, domin a cikin Suratul An'ami an hana zagin abin da wasu suke bauta wa, kuma a cikin Suratun Nuri an koya mana neman izini kafin shiga gidan da ba namu ba. Ka tuna yadda za ka ji in wani ya ratsa sahu ranar Idi yana ɗaukar hoton goshinka a ƙasa. Abin da ba ka so a yi maka a masallacinka, kada ka yi wa wani a farfajiyarsa.

Haƙƙi na uku ya fi ɓoyuwa, domin yana zuwa ne a rigar ƙauna. Akwai baƙon da yake son waɗannan kwaruruka har ba ya son su sauya. In ya ji za a yi hanyar mota sai ransa ya ɓaci, ya ce za a ɓata wuri. Ku dubi Zanskar. Da hunturu ƙanƙara takan rufe mashigin Pensi La watanni da dama, kuma tun zamanin da, hanyar fita ita ce a taka bisa kogin da ya daskare, kwana da kwanaki, ana kwana a cikin kogo. Ta nan iyaye suke raka ƴaƴansu makaranta. Daga baya wannan hanya, da ake kira Cadar, ta zama abin sha'awar ƴan yawo. A 2024 aka haɗa hanyar mota daga Nimmu zuwa Padum, babban garin Zanskar. Mai hutun mako biyu yana iya kukan abin da ya rasa, amma mace mai naƙuda da ke neman likita ba za ta taya shi ba. Wanda yake son mutane su dawwama cikin wahala don idonsa ya sami abin kallo, kansa yake so.

Irin wannan baƙo yakan koma gida da labarin wata aljannar duniya inda ba a faɗa ba a gaba. Gaskiya kuwa mutane ne kamar kowa. A Ladak akwai musulmi masu yawa, su ne ma mafi rinjaye a gundumar Kargil, akwai su a Padum, kuma babban masallacin Le an gina shi tun wajen 1666. Sun yi auratayya da maƙwabtansu, sun kuma yi saɓani, har a 1989 aka ƙaurace wa musulmi a mu'amala, ba a ɗage ba sai a 1992. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Adalci a kansa shi ne ya faɗi abin da ya gani, ya kuma san cewa abin da bai gani ba ya fi yawa.

Kada a ɗauka cewa muna nufin kuɗi ne suke ɓata baƙunci. In an bi hanya, suna iya gyara shi. A farkon shekarun 2000 aka fara wani tsari a ƙauyukan gandun Hemis, inda baƙi suke sauka a gidajen manoma bi da bi, kuɗin ya shiga hannun matan gida kai tsaye, wani kaso kuma ya shiga asusun ƙauye. A da, damisar ƙanƙara abokiyar gaba ce, don tana kashe tumaki da awaki. Da aka ga ita ce take jawo baƙi, sai kisanta ya ragu. A nan baƙo yana cin abin da masu gida suke ci, yana bin dokar gidansu, mai gida kuma bai zubar da mutuncinsa ba.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba kamar yadda Himalaya ta yi. Mu ma an zo kallonmu. Shekaru da dama Turawa suna sauka Agadas, suna shiga Ayar da Tenere, suna halartar taron makiyaya a Ingal, suna ɗaukar hoton samarin Wodaabe a wasan Gerewol, kafin tawayen 2007 da rashin tsaro su janye ƙafarsu. Mutanen can sun san bambancin baƙon da ya yi sallama ya zauna ya sha shayi, da wanda ya miƙo kuɗi ta tagar mota don a tsaya masa ya ɗauki hoto. Mu ma kuma muna zama baƙi, a Makka da Madina, a Kano da Kwatano, ko ɗan birni in ya je ƙauyen kakanninsa da waya a hannu yana ɗaukar bukkoki don ya nuna wa abokai.

Saboda haka, ya ɗan uwa, amsar tambayarmu ita ce ladabi bai faɗi ba. In Allah ya nufe ka da tafiya, kusa ko nesa, ka nemi izini kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto. Ka ci ka sha gwargwadon abin da ƙasar take iya ɗauka. Ka biya mai doki da ɗan dako haƙƙinsu cikakke ba tare da ƙwara ba. Ka riƙe addininka ba tare da wulaƙanta kowa ba. In ka dawo kuma, ka ba da labarin mutane kamar suna zaune suna jin ka. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi, amma mai gida shi zai zauna da abin da aka bari.

Allah ya sa mu zama baƙin da ake kewa bayan sun tafi, ya kuma sa mu tuna cewa dukkanmu baƙi ne a wannan duniya.