Idan Mota Ta Yi Nauyi, Wa Ake Saukewa?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Ajingi zuwa Gaya ranar kasuwa ya san yadda ake yi idan lodi ya yi yawa. Ba a sauke mai babbar riga. Almajirin da ke maƙale a baya ake ce wa ya jira ta gaba, mu kuwa mu gyara zama, mu ce ai dole ce.

Wannan dolen ce ke damunmu, domin har masu kukan an zalunce su suna fakewa da ita. Misalin da za mu kawo ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma a daure a ji.

A Amurka, masu fafutukar 'yancin 'yan luwaɗi da maɗigo suna ƙirga tarihinsu daga boren Stonewall na 1969 a New York. Cikin waɗanda suka sha wuyar shekarun farko akwai irin waɗanda a nan za mu kira 'yan daudu: talakawa, baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, masu kwanan titi. Biyu daga cikinsu, Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera, sun kafa ƙungiya a 1970 don samar wa yaran da aka kora daga gida makwanci. Amma a gangamin 1973, da Rivera ta karɓi lasifika tana tuna wa jama'a 'yan uwansu da ke kurkuku, ihu aka yi mata. Masu digiri da albashi, galibi farare, suna ganin irinta na ɓata musu suna. A 2007 aka maimaita: an cire masu sauya jinsi daga ƙudurin hana wariya a wurin aiki don ya samu ƙuri'u a majalisar wakilai. Ya samu, amma bai zama doka ba. An sauke almajiri, motar kuma ba ta kai ba.

Ba hukuncin aikin muke tattaunawa ba, wannan kowa ya san matsayin addininmu a kai. Halin muke dubawa, kuma muna da shi. Idan aka tashi kame, ɗan daudun da ke tuƙa tuwo a tasha ake fara damƙewa, don shi ba ya ɓoyuwa. Mai kuɗin da ke yin nasa a bayan katanga, har ƙasa muke gaishe shi.

Mu kanmu mun daɗe muna kukan birni ya manta da mu, muna tuna masa cewa maƙeran Gaya ne tarihi ya ce sun fara zama a Dala. Mun yi murna da aka ɗaga masarautar Gaya a 2019, ranmu ya ɓaci da aka rushe ta a 2024 kafin a dawo da ita mai daraja ta biyu. To amma da bakin da muke wannan kuka muke ce wa ɗan mahauci ya nemi aure a wani gidan. In an kira taron rijiyar burtsatse, sai an watse ake tunawa ba a aika ruga ba.