"An Duba": To, Wa Ya Duba?

A ajin nahawu mun koyi cewa "an" lamiri ne marar fuska. In aka ce "an duba", ba wanda za ka kama.

Abin da ya faɗo mini ke nan da na karanta labarin tashar nukiliya ta Davis-Besse, a jihar Ohayo ta Amurka. Hukumar NRC mai sa ido kan tashoshin ta so a tsai da injin kafin ƙarshen 2001, a bincike shi. Kamfanin ya nemi jinkiri, aka ɗaga mishi zuwa Fabrairu. A Maris 2002 aka tarar asid ya cinye wajen santimita 15 na ƙarfen murfin tukunyar injin, saura bai kai santimita guda ba. Alhali shekaru ana ganin tsatsa, ana cika takardu.

Laifin wa? Ni dai a ganina, mai sa ido da ya gaskata takarda bai je ya gani da idonshi ba, shi ma da rabonshi.

Ƴan uwa, gobe mu za mu sa hannu, ko a asibiti ko a ramin yuraniyom na Arlit. Ranar nan, wa zai iya cewa "ni na duba"?