Rufin asiri ko rufa-rufa?

Musulunci ya hore mu da rufa wa ɗan'uwa asiri. To mene ne hukuncin wanda ya ɗauki kyamara ya nuna wa duniya tabon garinsu? Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, shi ya sa nake wannan tambaya.

Aïcha 'yar Damagaram ce, wato Zinder, an haife ta a 1982, ta kuma karanci ilimin zamantakewa kafin ta kama harkar fim. Ba fadar Sarki ta nuna ba, ba zanen gidajen Birni ba. Kara-Kara ta shiga, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, inda 'yan pale, wato ƙungiyoyin samari 'yan daba, suke. Mun ga samari suna ɗaga ƙarfe, wata ƙungiya ta ɗauki sunan Hitler da tambarinsa. Mun ga jarkokin man fetur na fasa-ƙwauri daga Najeriya. Kyamarar kuwa takan tsaya a kan tabon sara a jikin saurayi, ta daɗe, har mai kallo ya rasa inda zai kai idonsa.

Mai cewa wannan tonon silili ne yana da hujja. An haska fim ɗin a bikin fina-finai na Nyon a Suwizalan, gaban Turawan da watakila wannan ne kaɗai abin da za su sani game da tsohon babban birnin Nijar.

Amma ni a ganina asiri iri biyu ne. Akwai na mutumin da ya yi saɓo a ɓoye yana jin kunya. Wannan rufe shi ibada ne. Akwai kuma aibin jama'a: yaron da ya tashi babu takardar haihuwa, babu lakwal, babu sana'a, don kawai kakansa kuturu ne. Wannan zalunci ne, kuma wanda ya rufe zalunci azzalumi ya taimaka wa. Samarin ma ai da bakinsu suka yi magana, ba laɓe aka yi musu ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu da attajiranmu, kafin ku tuhumi mai kyamara, ku taka ku je Kara-Kara. Haƙƙin maƙwabtaka yana wuyanku.